Kabonet, baikabonet ko kostik: wace soda ce ta dace da aikinka?

Sinadarai uku ne farare, kowanne ana kiransa soda, kuma kowanne yana kashe kaifin asid. Akwai sodiyam baikabonet, NaHCO₃, akwai sodiyam kabonet, Na₂CO₃, wanda masu masana'antu suka fi sani da soda ash, sannan akwai sodiyam haidiroksaid, NaOH, wato kostik soda. Mutane da yawa sun ɗauka bambancinsu bai wuce na ƙarfi ba, cewa idan babu ɗaya sai a ƙara yawan ɗayan. A nan ake yin asara. Kafin ka zaɓa, tambayoyi biyu ne a gabanka, kuma amsoshinsu ba ɗaya ba ne: har ina kake so pH ɗin ruwanka ya kai (pH ma'auni ne: ƙasa da 7 asid ne, sama da 7 kishiyarsa), kuma asid nawa kake so abin ya shanye?

Kabonet shi ne na tsakiya, kuma idan ka fahimci halinsa ka fahimci sauran biyun.

Abin da ke faruwa idan kabonet ya shiga ruwa

Babu OH ko ɗaya a jikin Na₂CO₃, amma da zarar ya narke ruwan zai yi santsi a hannu kamar sabulu. Dalili shi ne ƙwayar kabonet, CO₃²⁻, tana fizgar H⁺, ƙwayar da ke ba asid kaifinsa, daga jikin ruwan kansa, ta bar OH⁻, mai kashe asid, a sake:

CO₃²⁻ + H₂O ⇌ HCO₃⁻ + OH⁻

Ba duka ƙwayoyin ke yin haka ba. Idan ka narkar da gram 10.6 a lita ɗaya, wato mol 0.1 (mol ma'auni ne na yawan ƙwayoyin sinadari), abin da ke juyewa bai kai kashi 5 cikin ɗari ba, kuma pH yana tsayawa wajen 11.6. Sauran kashi 95 suna zaune suna jira. Idan asid ya shigo ya cinye OH⁻ ɗin da ke nan, sai wasu ƙwayoyin su tashi su maye gurbi. Shi ya sa ruwan kabonet ba ya ƙuna irin ta kostik, amma yana da jimiri.

Mol 0.1 na kostik a lita, gram 4 kacal, yana ba da pH 13, domin shi gaba ɗaya yake sakin OH⁻ ɗinsa lokaci guda. Mol 0.1 na baikabonet, gram 8.4, yana tsayawa wajen 8.3. Abin lura game da baikabonet shi ne ko ka ninka yawansa sau biyar, pH ɗin da ƙyar yake motsawa. Ƙwayar HCO₃⁻ tana iya karɓar H⁺, tana kuma iya bayar da shi, don haka takan zauna a tsakiyar lambobi biyu: 6.35, inda asid ɗin kabonik ke sakin H⁺ na farko, da 10.33, inda yake sakin na biyu. Haɗa su ka raba biyu, za ka samu 8.34. Wanda yake son pH 11 ya riƙa zuba baikabonet, ko buhu zai juye ba zai isa can ba. Kowane mataki ɗaya a ma'aunin pH ninki goma ne, saboda haka OH⁻ da ke ruwan kabonet ya ninka na baikabonet kusan sau dubu biyu.

Kabonet yana karɓar asid ne hawa biyu. Da farko CO₃²⁻ ya karɓi H⁺ ɗaya ya koma baikabonet. Sai bayan kusan dukansa ya koma haka ne H⁺ na biyu zai shigo, a samu ruwa da iskar CO₂. Kana iya ganin wannan da idonka. Ɗiga asid a hankali cikin ruwan kabonet kana motsawa: shiru, babu kumfa, har sai an ci rabin tafiya, sannan ruwan ya fara tsiri. Yi wa ruwan baikabonet haka, ɗigon farko zai yi kumfa. Idan kuma aka juya, aka zuba kabonet a cikin asid, kumfa nan take take tashi, domin asid ya fi yawa a wurin, hawa biyun suna faruwa tare.

Gram nawa ke kashe asid nawa

Mol ɗaya na H⁺ yana buƙatar gram 40 na kostik, ko gram 53 na busasshen kabonet, ko gram 84 na baikabonet. Dubi tazarar da ke tsakanin 40 da 53. Ba ta da yawa, duk da cewa pH ɗinsu ya yi nisa da juna. Kabonet kenan: a wajen shanye asid yana dab da kostik, a wajen haɗari kuwa yana can ƙasa.

Akwai tarko a nan da ya kamata a tsaya a kai. Kabonet yana zuwa a sifa fiye da ɗaya. Busasshen gari nauyin mol ɗinsa gram 106 ne. Na wanki mai ƙwayoyi garai-garai kamar ƙanƙara, Na₂CO₃·10H₂O, nauyin mol ɗinsa gram 286 ne, kuma kusan kashi 63 cikin ɗari na wannan nauyin ruwa ne. Idan tsarin aikinka ya ce gram 100 na busasshe, kai kuma mai ruwan ne a hannunka, sai ka auna gram 270. Wanda bai san haka ba zai zuba kashi ɗaya cikin uku na abin da ake buƙata, sannan ya ɗora laifi a kan rini ko sabulu. Abin bai tsaya nan ba: mai ƙwayoyin idan ya zauna a buɗe cikin busasshiyar iska yakan yi furfura, ya zubar da ruwansa ya koma gari, busasshen kuma idan ya zauna cikin laima yakan sha ruwa ya dunƙule. Kowanne daga cikinsu da ya daɗe a buɗe, nauyinsa ba ya gaya maka gaskiyar abin da ke ciki.

Idan asid ya zube

Ɗauki misalin ruwan batirin mota, wanda asid ɗin salfurik ne kusan kashi 35 zuwa 37 cikin ɗari. Mililita 100 nasa yana ɗauke da kusan mol ɗaya na H⁺. Baikabonet gram 80 da ɗoriya zai kashe shi, kabonet kuma gram 50 da ɗoriya. Duk da haka baikabonet ne zaɓi, kuma ba don arha ko sauƙin samu ba. Idan ka zuba fiye da kima, abin da zai rage a ƙasa pH 8.3 ne, ba ya cutar da kowa. Kumfarsa kuma ita ce manuniyarka: ka barbaɗa daga gefe zuwa tsakiya, ka jira, ka ƙara, idan sabon barbaɗi bai yi kumfa ba aiki ya kammala. Zai fitar da iskar CO₂ kusan lita 24, kabonet kuma rabin haka, don haka kada a taɓa yin wannan a cikin kwalba ko jarka mai murfi.

Idan zubar tana da yawa, ta lita-lita, kabonet ya fi dacewa domin kumfarsa rabi ce kuma garin da za a ɗauko bai kai na baikabonet ba. Kostik kuwa a bar shi a inda yake. Narkewarsa kaɗai tana fitar da zafi mai yawa, haɗuwarsa da asid tana ƙara kusan kilojul 57 a kowane mol, babu kumfar da za ta gaya maka ka isa, kuma abin da ya yi rara shi ma yana cin fata. Idan a jikin mutum asid ya zuba, babu ɗaya daga cikin ukun da za a shafa. Ruwa mai gudu kawai, na aƙalla minti 15.

Gyaran ruwa: tanki, wurin iyo, ruwan wanki

A nan ne tambayoyi biyun nan suke rabuwa sosai. Masu kula da ruwa suna auna pH, suna kuma auna jimirin ruwan wajen shanye asid, wanda ake lissafawa da miligram na CaCO₃, wato alli, a lita. Don ɗaga wannan jimiri da miligram 10 a lita cikin ruwa lita 10,000, kana buƙatar gram 168 na baikabonet, ko gram 106 na kabonet, ko gram 80 na kostik. Sakamakon a kan pH ya sha bamban. Baikabonet zai ƙara jimiri, pH ya ɗan matsa kaɗan. Kabonet zai ɗaga duka biyun, domin yana cinye iskar CO₂ da ke narke a ruwan:

CO₃²⁻ + CO₂ + H₂O → 2HCO₃⁻

Saboda haka, idan pH yana lilo yau sama gobe ƙasa amma bai faɗi sosai ba, jimiri ne ya yi ƙaranci, baikabonet kake so. Idan pH ɗin ne ya faɗi ƙasa da 7 har ruwan ya fara cin bututun ƙarfe, kabonet kake so. A narkar da shi a bokiti tukuna, a zuba rabin abin da lissafi ya bayar, a bari ruwan ya zagaya na wasu sa'o'i, a sake aunawa. Idan aka juye garin wuri ɗaya a ruwa mai kalsiyam, pH na wannan wurin zai haura 10 nan take, kalsiyam ya haɗu da kabonet ya zama alli, ruwan ya yi fari kamar an zuba madara. Kabonet ɗin da ya tafi cikin allin kuma ya ɓace, ba zai yi maka aikin da ka zuba shi dominsa ba.

Wannan allin da yake matsala a wurin iyo shi ne abin nema a wanki. Ruwan da sabulu ba ya kumfa a cikinsa, kalsiyam da maganiziyam ne ke kama sabulun. Kabonet yana fitar da kalsiyam ɗin daga hanya, kusan gram 1.06 ga kowane gram ɗaya na taurin ruwan idan an lissafa shi da CaCO₃. Sirrin shi ne a zuba kabonet a motsa, a ba shi 'yan mintuna, sannan a sa sabulu. Idan aka haɗa su tare, sabulun da kabonet za su yi ta rige-rigen kalsiyam. Baikabonet a ruwan sanyi ba ya wannan aikin da kyau, domin kalsiyam yana iya zama a narke tare da shi.

Maiƙo, sabulu da rini

Don yin sabulu daga mai, kostik ne kawai amsa. Ana buƙatar OH⁻ mai yawa don ya tsinka mai ya zama sabulu da gilisarin, kusan gram 13 zuwa 19 ga kowane gram 100 na mai gwargwadon irinsa. Kabonet yana iya mayar da asid ɗin mai da ke sake ya zama sabulu, kuma wannan ne ke sa ya ɗaga tsohon maiƙo daga tukunya ko kayan aiki, musamman a ruwan zafi, amma ba ya cin man kansa da saurin da zai ba ka sandar sabulu. Farin ƙurar da kake gani a saman sabon sabulu, shi ma kabonet ne: kostik ɗin da bai gama aiki ba ya haɗu da CO₂ na iska.

A rinin auduga da rini mai kama zare ta hanyar sinadari, ana son pH tsakanin 10.5 da 11. Nan gidan kabonet ne, gram 10 zuwa 20 a lita idan ana tsoma yadin. Da baikabonet a ruwan sanyi rinin ba zai kama ba, zai bi ruwan ɗauraya. Kostik kuma yakan sa rinin ya haɗu da ruwa kafin ya haɗu da zare, a yi asararsa. A fara barin yadin ya sha rinin ko'ina kafin a zuba kabonet, in ba haka ba zai kama wuri-wuri ya yi dabbare-dabbare.

Ulu da siliki ba sa shiri da kabonet, balle kostik, domin zarensu furotin ne. Alminiyam ma haka: kabonet yana dusashe shi ya yi baƙi-baƙi, kostik kuma yana cin sa da gaske har ya fitar da iskar haidirojin mai kama wuta.

A ɗakin gwaji

Idan kana son sanin ainihin ƙarfin asid ɗin haidirokolorik, HCl, kabonet ne za ka dogara da shi, kuma kostik ba ya ko kusa. Ɗora ƙwayar kostik a kan sikeli ka duba: tana fara sheƙi, tana shan laimar iska, lambar sikelin tana hawa a gabanka. Ba za ka taɓa sanin gram nawa ne kostik, nawa ne ruwa ba. Kabonet mai tsabta kuwa ana busar da shi a digiri 270 zuwa 300 na Salshiyas na kusan sa'a ɗaya, a huce shi a desiketa, mazubin da ke hana laima shiga, a auna. Gram 1.325 a filas mai auna mililita 250 yana ba da mol 0.0500 a lita. Mililita 25 na wannan ruwan zai cinye mililita 25 na HCl mai mol 0.100 a lita.

Zaɓin manuni, wato sinadarin da ke sauya launi don nuna asid ya isa, shi ne inda ɗalibai suka fi faɗuwa. Finolftalin yana rasa launinsa na ruwan hoda wajen pH 8.3, wato daidai ƙarshen hawa na farko. Idan ka tsaya a nan za ka karanta mililita 12.5, rabin amsa, kuma canjin launin ba shi da kaifi, yana kodewa ne a hankali. Metil orenj yana juyawa daga rawaya zuwa ruwan lemu tsakanin pH 4.4 da 3.1, wanda ya dace da ƙarshen hawa na biyu da ke wajen pH 4. Shi ne za a yi amfani da shi. Matsalarsa ita ce iskar CO₂ da ta narke tana sauke pH tun kafin a isa, launin ya fara juyawa da wuri. Maganin shi ne da zarar launi ya fara sauyawa a dakata, a tafasa ruwan na minti biyu ko uku don iskar ta fita, a huce, launin zai koma rawaya, sannan a ƙarasa ɗigo-ɗigo. Bayan tafasar, ɗigo ɗaya ko biyu ne ke juya launin sarai.

Manunan biyu tare suna ba ka abin da ɗaya ba zai bayar ba. A ce kana zargin ruwan kostik ɗinka ya sha iska. Ɗebi mililita 25, ka yi taitireshan, wato ɗiga asid kana aunawa har launi ya sauya, da HCl mai mol 0.100 a lita. A ce finolftalin ya kode a mililita 18.0, metil orenj kuma ya juya a 22.0. Tazarar 4.0 ɗin ita ce hawa na biyu na kabonet, don haka kabonet gaba ɗaya ya ci 8.0, kostik ya ci 14.0. Wato miligram 42 na kabonet da miligram 56 na kostik. Idan lambar farko ta zo daidai rabin ta biyu, kabonet ne zalla. Idan ta gaza rabi, akwai baikabonet a ciki. Kostik da baikabonet ba sa zama tare a ruwa ɗaya, suna haɗuwa su zama kabonet.

Wanda yake son pH ya tsaya cak wajen 10 kada ya zaɓi ɗaya, ya haɗa biyu. Kusan gram 2.1 na baikabonet da gram 2.65 na kabonet a lita ɗaya, wato mol 0.025 kowanne, suna ba da pH 10.0 a digiri 25, kuma da wannan haɗin ake daidaita na'urar auna pH. Irin wannan haɗi yana nan a ƙasa ma: ma'adinin tirona, wanda ake haƙa a Wayomin ta Amurka da tafkin Magadi na Kenya, kuma shi ne babban abin da ke cikin kanwa, kabonet ne da baikabonet mol ɗaya-ɗaya. Sai dai ɗanyensa yana zuwa da gishiri da yashi, bai dace da aikin awo ba.

Idan ɗaya kake da shi, ɗayan kake so

Daga baikabonet zuwa kabonet hanya a buɗe take, zafi kawai ake buƙata:

2NaHCO₃ → Na₂CO₃ + H₂O + CO₂

Haka ma masana'antu ke yi. A tsarin da Ernest Solvay na Beljiyam ya kafa a shekarun 1860, baikabonet ake fara samu saboda ba ya narkewa sosai, kusan gram 9.6 a mililita 100 a digiri 20, alhali kabonet yana kai gram 21 da ɗoriya. Sai a tace shi a gasa. Kai ma shimfiɗa garin a faranti na ƙarfe mara tsatsa ko gilashi, ba alminiyam ba, kaurin bai wuce santimita ɗaya ba, ka sa a tanda a digiri 200 na sa'a ɗaya. Sikeli ne zai gaya maka ya yi: gram 168 zai koma gram 106, wato gram 100 zai koma 63. Idan ya tsaya a 75, tsakiyar bai gasu ba, a motsa a mayar. Tafasa ruwan baikabonet ma yana korar CO₂ ya ɗaga pH, abin da ya kamata mai son pH ya tsaya wajen 8.3 ya kiyaye.

Idan gwangwani biyu suka rasa takardarsu, narkar da ɗan kaɗan daga kowanne ka ɗiga finolftalin. Kabonet zai ba da launi mai ƙarfi, baikabonet kuma ɗan hoda-hoda da ƙyar ake gani. Kada a ɗanɗana.

Wajen narkar da busasshen kabonet, garin ake barbaɗawa cikin ruwa ana motsawa. Idan aka zuba ruwa a kan tulin gari, saman zai sha ruwa ya daskare kamar siminti, cikin ya zauna a bushe. Ruwa mai ɗumi wajen digiri 35 zuwa 40 ya fi, domin a nan narkewarsa ke kai ƙololuwa, kusan gram 49 a mililita 100, kuma ƙara zafi bayan haka ba ya ƙara komai. Ruwan da aka cika shi da kabonet da ɗumi, idan ya kwana cikin sanyi, za ka tarar da ƙwayoyi sun fito a gindin robar, ƙarfin ruwan saman kuma ya ragu. Ƙurarsa tana sa tari, tana kuma cutar da ido sosai, don haka tabarau da safar hannu wajibi ne ko da ba kostik ba ne. Ruwan kostik da na kabonet mai kauri a ajiye su a roba mai murfin roba, domin murfin gilashi yakan manne da bakin kwalba har ya ƙi buɗuwa.